A Auna wa Kowa da Mudun Aikinsa



A jihar Kalifoniya ta Amurka, an daɗe ana kama saurayi da laifin kisan kai ko da bai taɓa bindiga ba, muddin yana cikin 'yan daban da suka je fashi har aka rasa rai. A 2018 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar SB 1437. Tun daga 2019 laifin kisa yana hawa kan wanda ya kashe, ko ya taimaka da niyyar a kashe, ko ya taka babbar rawa bai damu da ran kowa ba. Wanda tsohuwar doka ta ɗaure yana iya roƙon a sake masa hukunci.

Sai dai alƙali yakan yi watsi da roƙon. A ra'ayina, duk wanda aka ƙi nasa ya ɗaukaka ƙara, kuma kwana 60 kacal gare shi. Alƙali ɗan Adam ne, yana kuskure. Ɗaukaka ƙara ce ta sa a 2021, a shari'ar Lewis, Kotun Ƙolin jihar ta wajabta a ba mai roƙo lauya kafin a auna hujjarsa.

Wani zai ce: ina haƙƙin mamaci? Haƙƙinsa yana nan. Dokar ba ta sakin wanda ya kashe, kuma wanda aka sassauta wa yana ɗaukar hukuncin fashinsa. Jinin da wani ya zubar ne kawai ake sauke masa, domin zunubin wani ba ya hawa kan wani.

Allah Ya raba mu da mugun aboki, Ya sa mu tsaya kan adalci. Amin.