Ƙyauren Kaka Ba Tarkace Ba Ne

Yau da ɓacin rai na ɗauki biro, kuma da mu nake, matan aure da 'yanmata, musamman na wajenmu ƙasar Gaya da Ajingi. Wadda maganar ta yi wa zafi ta yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

A gidan kakata, can wani ƙauye a ƙasar Gaya, akwai wani ƙyaure a bakin zaure. Katako ne mai kauri, an ɗaure shi da ƙarfe, an jera masa ƙusoshi masu manyan kai, ƙirar maƙeran garin. Muna yara sai mu biyu mun haɗu muke iya tura shi. Kaka ta ce ita ma da aka kawo ta tana amarya a nan ta tarar da shi. Bayan rasuwarta zauren ya zube, aka ta da na bulo, aka jingine ƙyauren a bayan turken awaki. Da na je gaisuwar Sallah na tambaya, sai matar kawuna ta ce, "Au, wannan tarkacen? Ai wani dillali ne ya zo na ba shi, ya ba ni baho biyu na roba da 'yan canji." Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Bahon nan kuwa ko shekara bai rufa ba ya tsage.

'Yar'uwa, kina zaton dillalin nan itacen girki ya zo nema? Ina! Ya san abin da ke ba ki sani ba. Irin kayan nan birni ake kai su, a goge, a shafa musu mai, a sayar wa masu hali da manyan otal-otal a Kano da Abuja da Legas. Ƙyaure a kafa shi a bangon falo don ado. Azara a yi rumfar shan iska da ita a lambu. Randar da kika ce ta tsufa a shuka furanni a ciki, turmin kuma a mai da shi abin zama. A Turai ma sana'a ce babba, sayar da ƙofofi da tagogi da duwatsun tsofaffin gidaje. Wato abin da muke jin kunyar baƙi su gani a gidanmu, shi wasu ke alfahari da shi a nasu.

Ki dubi azara kawai. Jikin giginya ce, gara ba ta cinta, kuma giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Da ita magina suke ɗaura rufin soro, ɗakin da za ki kwanta da bazara ki ji sanyi, da hunturu ki ji ɗumi. Yau mun ba da ita a banza, mun koma ƙarƙashin kwano muna fifita da murfin tukunya.

Abin ya fi ciwo a kan mu mutanen Gaya. Tarihi ya zo da cewa maƙeran da ake kira Abagayawa daga Gaya suka tashi, suka je gindin Dala neman tama, har ana cewa sunan ɗayansu ne ya bi birnin Kano. To jikokin maƙeran da suka ba Kano suna su ne za su auna aikin kakanninsu a sikelin ɗan gwangwan? Haba! Duk wadda ta shiga birni ta daure ta leƙa Gidan Makama, ta ga yadda aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, 'yan makaranta suna layi don su gani.

Mutanen Benin da bindiga Turawan Ingila suka kwashe musu kayan tarihi a 1897. Sun fi shekara ɗari suna kuka kafin Jamus ta fara mayar da wasu a 2022. Su ƙwace aka yi musu. Mu kuwa da hannunmu muke miƙawa, har muna godiya. Kuma ku sani akwai doka tun 1979 da ta hana cinikin kayan tarihi barkatai, da fitar da su ƙasar waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

Sai babbar magana, wadda ita ce ke hana ni barci. Ƙyauren nan da azarar nan gado ne. Akwai haƙƙin 'yan'uwan maigida a ciki, akwai na mata da ke gidajen aurensu, wani lokaci har da na marayu. Don kina zaune a gidan ba shi ya mai da su naki ba. Ki sayar a ɓoye ki yi zubin adashi, me za ki ce gobe a gaban Allah?

Na san wata za ta ce, "Ke da kike zaune a birni, me kika sani game da babu?" Na sani. Ban manta daminar 2022 ba, da ruwa ya rushe ɗaruruwan gidaje a Ajingi, mutane suka rasa wurin sa haƙarƙari. Wanda gini ya faɗo masa ba ya tunanin tarihi, kuma dillalai irin wannan lokacin suke jira, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban ce kada a yi ginin siminti ba. Cewa na yi in za a rushe tsohon soro a zare azarar, a jera ta a inuwa a kan duwatsu, ta sake yin wani rufin. A mayar da ƙyauren bakin sabon zaure. In kuwa sayarwa ta zama dole, a tara magada kowa ya sani, a kai wa masana su gani, kada a sallama wa mai tayin farko.

Ke kuma budurwa, kafin a kai ki ɗakin miji ki zauna kusa da tsohuwar gidanku ki tambaye ta wa ya gina soron nan, wa ya ƙera sakatar nan. Ni ban tambaya ba sai da ƙasa ta rufe mai amsar.

Allah Ya sa mu gane, Ya jiƙan magabatanmu, amin.