Ƙwayar Linux a mangazar Debian

A cikin kowane inji mai ƙwaƙwalwa, na biro ne ko salular da ke aljihun ɗan kasuwa, akwai wata manhaja da mai shi bai taɓa gani ba. Ita ce ƙwaya, watau wadda ke tsakanin ƙarfen inji da sauran manhajoji, tana raba musu wurin ajiya da lokacin aiki. Wadda ta fi bazuwa a duniya ita ce Linux, da Linus Torvalds ya soma rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finlan cikin 1991, yana ɗalibi. Duk salula mai Android da ita take tafiya. A farkon 2025 rubutunta na asali ya zarce layi miliyan 40.

To, rubutun asali ba ya tada inji. Sai an juya shi zuwa harshen da inji ke ji, an ɗaure shi ƙunshi-ƙunshi, kana ya isa ga jama'a. Wannan aikin masu rarrabawa ne, irin ƙungiyar Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993, wadda ƴan sa kai ke riƙe da ita har yau. Sharaɗin lasisin GPL kuwa shi ne duk wanda ya raba juyayyar manhaja, wajibi ne ya buɗe wa mutane hanyar samun rubutunta na asali. Saboda haka tilas kowane ƙunshi a san tushensa.

A nan ne Debian ta daɗe cikin wahala. Lokacin da ta fitar da Sarge a 2005, tana hidimar samfurin inji iri 11, kuma da zubin ƙwaya biyu, 2.4.27 da 2.6.8. Rubutun asali yana ƙunshinsa daban. Kowane samfuri yana da nasa ƙunshin da ke ɗebo rubutun ya juya, wani ma da nasa mahon da ya ɗinka a kai, kuma kowanne da mai kula da shi. Ranar da aka gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi, sai a toshe ta a tushe, sa'an nan a bi masu kula ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sake nasa aiki. Wanda ya taɓa biɗar sa hannun ma'aikata goma a kan takarda guda ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Kafin na ƙarshe ya gama, injunan mutane suna nan ƙofa buɗe.

Cikin wannan shekarar ta 2005 masu kula da ƙwaya suka haɗe komi wuri guda, suka raɗa wa ƙunshin suna linux-2.6, wanda ya koma linux kawai a 2012. Rubutun Torvalds yana zaune yadda ya zo, mahon Debian yana jere gefe guda kowane da bayanin dalilinsa, saitin kowane samfuri yana nasa kundi. Daga wannan tushe ɗaya ake fitar da linux-image, wadda inji ke tashi da ita, da linux-headers na masu haɗa wa ƙwaya wani ƙarin kaya, da linux-source na mai son juya tasa da hannunsa. Gyara ɗaya ya wadatar da kowa. Etch ta 2007 a kan wannan tsari ta fito, da ƙwaya 2.6.18.

Tsarin yana da nasa nauyi. In juyin ya cije a samfuri ɗaya, yakan riƙe sauran, ko da kuwa masu wannan samfuri ba su taka kara sun karya ba. Amma jinkirin da kowa ke gani a fili ya fi wanda ke ɓoye a aljihun mutum goma sauƙin magani.

Rigimar da ta fi zafi ta taso ne kan abin da bai cancanci shiga mangazar ba. Wasu kamfanoni suna ba da ƴan ƙananan umurni da ake ɗura wa kayansu, kamar na'urar kama Wi-Fi, ba tare da rubutun asali ba. A Squeeze ta 2011 Debian ta tsame su daga ƙwaya ta kai su wani sashe na dabam. Aƙida ta tsira, amma mai sabon inji yakan girka Debian ya tarar ba ya da intanet ɗin da zai ɗauko abin da zai ba shi intanet. Cikin 2022 mambobin ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a, kuma tun daga Bookworm ta watan Yuni 2023 faifan girkawa yana ɗauke da su, a sashensu mai suna non-free-firmware, ba a gauraya su da ƙwaya ba.

Ga mai kula da injunan ma'aikata, amfanin wannan tsari yana bayyana ranar sabuntawa. Sunan kowace linux-image yana ɗauke da lambarta, don haka sabuwa mai wata lamba takan zauna kusa da tsohuwa ba tare da ta share ta ba. In sabuwar ta ƙi tashi, sai ya zaɓi tsohuwar a allon farko ya ci gaba da aikinsa. Trixie, da ta fito a watan Agusta 2025, da ƙwaya 6.12 ta zo.