Ilmi Ya Fi Tsintsiya Share Juji



A jihar Kerala ta Indiya, galibi mata ne ke murza igiya da gashin ɓawon kwakwa. A da, dusar da ke saura kan taru tsibi-tsibi, ta shekara ba ta ruɓe ba, da damina kuma ta ɓata musu ruwa. Sai masanan cibiyar bincike ta Kalavoor suka barbaɗa mata irin naman kaza da takin yuriya, ana yayyafa ruwa. Cikin kwana 30 ƙwayoyin nan da ido ba ya gani sun mai da ita taki.

Tsintsiya dubu ba ta iya wannan aiki. Don haka iyaye, kada talla ta raba yarinya da aji. 'Yan makaranta kuma, ku riƙe darasin kimiyya hannu bibbiyu.