Saurin Caji da Darajar Motar Lantarki ta Hannu a Kano

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu harkar sufuri a Kano suka fara waiwayar ababen hawa masu aiki da lantarki. Sai dai galibin motocin da ake shigo da su Nijeriya na hannu ne, kuma mai saye ya saba auna lafiyar mota da ƙarar inji da hayaƙin salansa. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya. Darajarta tana ga batir, da saurin da yake karɓar caji.

Wannan sauri yana da iyaka, kuma iyakar takan ƙara matsewa. Na'urar da ke lura da batir takan rage wutar da ke shiga idan ya yi zafi ko ya tsufa, don kada ya lalace. A shekarar 2018 masu Nissan Leaf a Ingila sun koka cewa idan suka jera cajin gaggawa a doguwar tafiya, sai saurin ya faɗi ƙwarai, saboda batirin ba shi da tsarin sanyaya shi da ruwa. In haka ta faru a sanyin Turai, ina ga Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40?

Cajin gaggawa yana bukatar kilowat 50 ko fiye, abin da wutar gida ba ta ɗauka. Don haka Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda aka ja manyan layukan wuta domin masana'antu, su suka fi dacewa da tashoshin caji. Wutar kuwa ba ta da araha: a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Mai tasha yana son motar da za ta sha wuta ta ba wata wuri, direban da ke jigilar kaya ko ma'aikata kuma ba zai so ya ɓata sa'a biyu a zaune ba. Duk motar da cajinta ya yi nawa, farashinta zai faɗi ranar da aka gane, kuma wanda ya saya a duhu shi zai ɗauki asarar.

Ya kamata hukumar NADDC, wadda ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, ta sa a wajabta takardar shaidar lafiyar batir da saurin cajinsa kafin a sayar da irin wannan mota. Masana Hausa ma suna da nasu aikin. Da Hausa ake ciniki tsakanin dillali da direba, kuma muddin ba a samar da tsayayyun kalmomi na ƙarfin batir da iyakar caji ba, mai saye ba zai san abin da zai tambaya ba. Ba a cinikin biri a sama.