Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Inshora Ta Ƙasa A Kan Wayar Da Ta Faɗa Ruwa

Zuwa ga Kwamishinan Inshora na Ƙasa, Hukumar NAICOM, Abuja, da shugabannin kamfanonin takaful.

Ina neman izini, ranka ya daɗe, in gabatar da wata mas'ala wadda mai hange daga nesa zai ɗauke ta ƙarama, alhali kuwa mu mutanen Nguru da Gashuwa, da na ƙauyukan da ke jere a bakin fadama tsakaninsu, mun san nauyinta: wato inshorar wayar hannu, musamman ranar da waya ta faɗi ta fashe, ko ta sha ruwa, mai ita ya zo neman a cika masa alkawari.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, arziƙin wannan yanki ya dogara ne a kan abin da ke sada shi da nesa, domin gyaɗa da ƙaro da fatu da bandar nama ba su da daraja sai sun isa hannun mai saye. Abin da dogo ya yi wa kakanninmu, yau waya ce ke yi mana shi, tun bayan shigowarta ƙasar nan a 2001. Da ita dillalin kifi ke jin farashin Kudu kafin ya ɗaure kwali, da ita manomin shinkafa ke kiran mai injin ban-ruwa, da ita ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ke karɓar darasi da kuɗin abinci daga gida. Mun ɗanɗana rashinta a 2013, sa'ad da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka toshe layukan sadarwa a Yobe da Borno da Adamawa makonni masu yawa. Muka kuma ga ƙarshen muhimmancinta a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da mai kuɗi a banki bai iya sayen mudun gero sai ya yi taransifa an ji alat. Saboda haka wanda wayarsa ta mutu a nan, shagonsa ne aka rufe, da bankinsa, da littafin basussukansa, duk a rana ɗaya.

A manyan birane an fara sayar wa mutane kariyar waya, wani lokaci a haɗe da wayar da ake biya kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta manhaja, kuma babu shakka wannan ciniki zai iso mu kamar yadda sauran suka iso. Ba ƙin zuwansa nake ba. Amma kun fi ni sanin cewa duk inshorar ƙasar nan ba ta kai kashi 1 cikin 100 na arziƙin da ƙasa ke samarwa ba, kuma talakan Arewa bai san ta ba face a matsayin takardar da direba ke miƙa wa jami'in kan hanya don a bar shi ya wuce. Wannan mummunan zato ba daga jahilci kaɗai ya samo asali ba. Daga ranar biya ya samo shi. Inshorar waya ita ce wataƙila mu'amala ta farko da dubban mutanenmu za su ƙulla da ku da son ransu, kuma hukuncin da za su yanke a kanta shi za su yanke wa inshorar gona da ta shago da ta dabbobi.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Mai sayen kifi yana tsaye a kwalekwale, ya sunkuya zai ɗaga kwando, wayar ta zame daga aljihun gaba ta faɗa ruwan da ya taru a cikin jirgin. Ya tsamo ta, ya goge da bakin riga, ya danna bai ga haske ba, ya kai gida aka tusa ta cikin kwanon ɗanyar shinkafa ta kwana, kamar yadda kowa ke ba da shawara. Da gari ya waye ya nufi rumfar masu gyara a bakin tasha, inda wani saurayi ke zaune gaban tebur cike da matattun wayoyi, da ƙananan sukundireba, da na'urar hura iska mai zafi. Yaron ya ɓalle murfin, ya cire batir, ya wanke fanel da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya nuna masa wani ɗan fari da ya koma ja, ya ce, “Alhaji, ta sha ruwa sosai, sikirin ya tafi, na kwafi kake so ko orijinal?” Duk mai hankali a Gashuwa haka zai yi. Sai dai a shari'ar galibin takardun inshora, wannan bawan Allah ya riga ya warware alkawarinsa tun sa'ad da aka kwance ƙusa ta farko, domin an rubuta cewa ba mai buɗe wayar sai cibiyar da kamfani ya amince da ita. An rubuta cewa a ba da rahoto cikin kwana kaɗan. An rubuta cewa a kawo rasiɗin asali. An kuma rubuta cewa mai waya zai fara biyan wani kaso daga aljihunsa kafin kamfani ya cika sauran.

To ina cibiyar take? In a Kano take, sai mutum ya ratsa ƙasar Jigawa, ya biya mota zuwa da dawowa, ya kwana, ya bar wayar, ya sake komowa ɗauka; in an haɗa wannan da kason da zai biya, sau da yawa kuɗin ya zarce na sabon gilashin Tecno ko Itel a kasuwar waya ta Farm Centre. Haƙƙin da kuɗin karɓarsa ya fi shi yawa, ai sunansa kawai haƙƙi. Kamfani bai ƙi biya ba, bai kuwa biya ba, kuma littafinsa zai nuna cewa mutanen Yobe ba su cika neman diyya ba.

Shawarata ta farko, wadda sauran duk suka rataya a kanta, ita ce kada a yarda a sayar da wannan kariya a wata ƙaramar hukuma sai kamfanin ya ajiye amintaccen mai gyara a cikinta. Masu gyaran suna nan, a Nguru da Gashuwa, da yawansu sun koyo a Kano, kuma hannunsu ya faɗa. A tantance su, a ba su kayan gyara na asali, a ɗaura musu lamuni. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita ta daɗe da tabbatar da cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a, kamar maɗinki da marini, shi ke lamunce kayan da aka ba shi in sun salwanta a hannunsa, saboda maslahar mutane. Kuma da wannan za a magance wata damuwa ta kamfanoni wadda ban raina ta ba: akwai wanda zai buga tsohuwar wayarsa da ƙasa da gangan don a sauya masa, kuma ƙa'ida ce cewa mai da'awa shi ke kawo bayyina. Amma ma'aikacin da ke duba hoto a Legas ba zai bambance faɗuwa da jifa ba, alhali mai gyaran da ya san mutumin, ya san sana'arsa, kuma yake tsoron a janye masa izini, shi ne shaidar da ta fi kusa da gaskiya.

Batun rasiɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Wayoyinmu da yawa na hannu ne, an saye su daga ɗan'uwa ko a kasuwa, kuma takarda ba ta daɗewa a gidan da ruwa ke shiga. Kowace waya tana da lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke bayyana in an danna *#06#, kowane layi kuma an haɗa shi da lambar NIN tun bayan umarnin Disambar 2020. A rubuta waɗannan ranar ƙulla alkawari, a ɗauki hoton wayar tana aiki, shi ke nan.

Ga shugabannin takaful kuwa, maganata da ku ta fi tsawo, domin ku ne kuka zo da sunan addini. An san cewa malamai sun yi tawakkufi a kan inshorar kasuwanci saboda garari da shubuhar caca da riba, har Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda, a 1985, cewa wadda ta halatta ita ce ta taimakekeniya da aka gina a kan tabarru'i. An san kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. Madalla da wannan. Amma in an gudu daga garari a asalin ƙulli, sa'an nan aka bar mutum ya sa hannu a kan sharuɗɗan da bai san da su ba, cikin harshen da ba ya ji, da rubutun da ko mai tabarau sai ya ƙanƙance ido, to jahilcin sharaɗi ya komo ta taga bayan an kore shi ta ƙofa. Yarda ba ta inganta sai da sani. Ku kuma wakilai ne a kan asusun jama'a, ba masu shi ba, kuma wakilin da ya tsananta sharaɗi har mai haƙƙi ya gaji ya bari, bai tsare amana ba ko da lissafinsa ya yi kyau. Abin da ya kamata shi ne a karanta wa mai saye sharuɗɗan da Hausa, da Kanuri ga Mangawan Nguru, da Badanci ga mai so, a aika masa da su cikin saƙon murya, a fara da abin da ba za a biya ba kafin a zo ga abin da za a biya.

Kuma a cikin abin da ba za a biya ba kada a sa ruwa. Mu mutanen dausayin Haɗejiya da Nguru ne, kogin Yobe kuma ta gefen Gashuwa yake bi. Masunta da manoman fadama da masu fito a cikin ruwa suke wuni, kuma ambaliyar 2022 ta nuna cewa wanda bai je wa ruwa ba ma ruwa yana zuwa masa har ɗaki. Kariyar da ta ɗauki fashewar gilashi ta bar shan ruwa, ko ta kira faɗawar waya kogi sakaci, an ɗinka ta ne don mai zaman ofis. In haɗarin ruwa ya fi tsada, a faɗi tsadarsa a fili, mutum ya zaɓa.

Sai wa'adi. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an daidaita, kuma la'alla hakan ya dace da gobarar masana'anta. Ga mai sana'ar POS a kasuwar Nguru kuwa, mako guda ba waya ya isa abokan cinikinsa su koma rumfar maƙwabci. Tun da yake Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora a 2025, kuma tuni kuna da ƙa'idojin ƙananan inshora, kuna da ikon yanka wa irin wannan da'awa wa'adin kwanaki, ku wajabta wa kamfanin da ya ƙi biya ya faɗi dalilinsa a rubuce, ku kuma riƙa bayyana wa jama'a, jiha jiha, yawan waɗanda suka nema da yawan waɗanda aka biya.

Kafin ku amince da kowace irin wannan kariya don yankinmu, ina roƙon ku aiko ma'aikacinku guda ya sauka Gashuwa, ya gai da Mai Bade, ya zauna da ƙungiyar masu gyaran waya, ya wuce Nguru ya yi haka nan. Sa'an nan a ba shi fasasshiyar waya da takardar kamfanin, ba tare da motar ofis ba, ya nemi diyya daga nan kamar yadda ɗayanmu zai nema, ya rubuto muku kwana nawa ya yi da nawa ya kashe.

Wassalam.

Naku,
wani mazaunin Gashuwa.