Idan Tayar Gaba Ta Fara Wasa Bayan Gyara

Wata Asabar cikin watan jiya ƙusa ta huda mini tayar gaba a cikin garin Dutsin-Ma, ga shi kuwa ina da gaisuwar ta'aziyya a Kurfi. Na tura babur ɗin zuwa wurin wani mai faci, yaronsa ya kwance tayar, aka yi faci, aka mayar, na biya na hau. Tun kafin in fita gari na ji kan babur ɗin yana yi mini rawa a hannu, musamman idan na kama birkin gaba. Na koma na yi magana, yaron ya ɗan bugi tayar da ƙafa ya ce, "Malam, ai haka suke, idan ka yi tafiya za ta zauna." Na yarda domin ina sauri, na yi tafiyar nan gabana yana faɗuwa a kan kowace kwana.

A Kurfi na tsaya wurin wani dattijon bakanike. Bai taɓa sifana ba sai da ya kafe babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya sa yaronsa ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, sannan ya kama ta sama da ƙasa ya jijjiga. Muka ji ƙwas-ƙwas. Da ya zare aksil, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, sai ya ɗago ya ce, "Malam, a kan wannan ka zo tun daga Dutsin-Ma? Ai babu bushi." Ɗan guntun ƙarfen da ke cike tazarar da ke tsakanin taya da ƙafar shokazoba yana can cikin rairayi a wurin mai faci. Na ce, "Baba, da na ci gaba fa?" Ya ce Allah dai ya kiyaye.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, akasarin wasan da tayar gaba ke yi bayan gyara, daga gyaran yake fitowa, kuma mai babur yana iya gano shi cikin minti biyu tun bai bar garejin ba. Wannan ilimi bai kamata a bar wa makanikai kaɗai ba, a yankin da babur yake ɗaukar ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yake ɗauko kayan lambu daga bakin madatsar Zobe, yake kai mai naƙuda asibiti. Tayar gaba ita ke tuƙi, kuma idan aka kama birki nauyin babur da na mahayi a kanta yake taruwa. Tayar baya takan yi wa mutum uzuri idan ta zame, amma ta gaba ba kasafai take bari a gyara zama ba.

Gwaji na farko shi ne wanda dattijon nan ya yi. A ɗaga tayar daga ƙasa, a kama ta sama da ƙasa, a jijjiga ta hagu da dama. Lafiyayyar taya ba ta motsi ko kaɗan. Idan ta motsa, a fara da abin da hannu ya taɓa yanzu: shin an ɗaure notin aksil sosai, an kuma mayar da ɗan fil ɗin da ke hana shi warwarewa, idan irin mai fil ne? Shin bushin yana nan, kuma a ɓangarensa? Shin murfin birki ya shiga gurbinsa a jikin shokazoba, na'urar mita kuma ta zauna daidai? Idan duk waɗannan suna nan amma wasan bai tafi ba, to boris ne. A juya tayar a saurara. Boris ɗin da ya mutu yakan yi gurnani kamar an zuba masa tsakuwa.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Ƙara tamke noti ba ya raya mataccen boris, canji kawai yake so. Sabon boris ma ana iya kashe shi a ranar da aka sa shi, idan aka riƙa dukan zoben cikinsa da guduma maimakon a tura shi ta zoben waje. Akwai kuma wani bututun ƙarfe da ke zaune tsakanin boris biyu a cikin cibiyar taya. Idan aka manta da shi, ɗaurin notin kansa ne zai matse su ya lalata su cikin 'yan kwanaki, garin neman gira a rasa ido.

Gwaji na biyu na wuya ne. Tayar tana sama, a tsuguna a gaba, a kama ƙafafun shokazoba biyu daga ƙasa, a ja a tura. Idan aka ji ƙara daga wajen kan babur, boris ɗin wuya ne ya yi sako-sako. Shi wannan ana iya ɗaure shi, amma da lissafi, domin idan ya yi tsauri kan babur zai ƙi juyawa cikin sauƙi, wanda shi ma haɗari ne. Gwaji na uku na masu wili mai sifok ne. A bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗan ƙwanƙwasawa da sifana. Wanda ya ɗauru yakan yi ƙara mai zaƙi, wanda ya saki kuwa muryarsa a dushe take. A ƙarshe a sauke babur, a kama birkin gaba, a tura shi gaba da baya a ji ko wani abu yana bugawa.

Ban ga laifin yaron nan sosai ba, domin abin da ya gani a wurin maigidansa shi ya yi. Tsarin koyon sana'a a garejinmu yana koya kwancewa da ɗaurawa, amma bai cika koya dubawa bayan an gama ba. Zai yi kyau ƙungiyoyin makanikai da na 'yan kabu-kabu su mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda ya kwance taya ya zuba notuna da bushi a cikin kwano maimakon ƙasa, kuma kada babur ya bar gareji sai maigida ya jijjiga tayar da hannunsa a gaban mai shi.

Mu ma masu hawa muna da namu kason. Mukan tsaya mu yi ta ciniki a kan kuɗin faci, amma mu kasa tsayawa minti biyu mu duba abin da za mu ɗora rayukanmu da na iyalanmu a kai. Ni da nake hana ɗalibai karɓar magana ba tare da hujja ba, na karɓi "za ta zauna" saboda sauri. Tayar da take wasa ba ta zama da tafiya, wasan ƙaruwa yake yi. Idan mai karatu ya ji an faɗa masa haka, ya sauka ya ce a sake kwancewa a gabansa. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.