Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Ɗalibi Ya Koyi Rubuta Wa Kwamfuta Umarni

Duk wanda ya taɓa buga Hausa a na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san wahalar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at, wanda ya ɗora waɗannan haruffa a kan maɓallan wasu alamomi. Wannan ƙoƙari ya taimaki marubuta ƙwarai. To amma idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da Rabi'at, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "waɗanda" kuma ta koma "wa]anda". Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, sai dai tsofaffin kundaye suna nan da lahaninsu.

Da yawa daga cikinmu kan garzaya intanet neman ƙarin manhajar da za a maƙala wa manhajar rubutu domin ta yi gyaran. A ganina wannan ba ita ce hanya mafi dacewa ba. Irin wannan ƙari yana cin kuɗin data, ba a san abin da aka dasa a cikinsa ba, kuma ranar da aka sabunta uwar manhajar yana iya daina aiki. Wanda ya ƙera shi ma wataƙila bai san akwai harafin ƙ ba.

Alhali gyaran bai wuce musaya guda 6 ba: manya da ƙananan ɓ da ɗ da ƙ. Da harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 kuma ake samu kyauta, layi kamar 10 sun isa a umarci kwamfuta ta buɗe kundi, ta sauya kowace alama da harafinta, sannan ta adana. Wanda ya rubuta umarnin da hannunsa ya san aikin kowane layi, in ya lalace shi zai gyara.

Sai dai a yi hattara. Umarni ba shi da hankali. Zai sauya har alamar da marubuci ya sa da gangan. Don haka a ajiye kwafin asali, a kuma karanta sakamakon. Haka nan babban aiki irin na binciken kuskuren rubutu ya fi ƙarfin layi 10, a nan dole a nemi manhajar ƙwararru.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ya kamata malaman sakandaren Kalgo da Gwandu su nemi haɗin gwiwa da masanan kwamfuta na wannan jami'a, a ba kowane ɗalibi tsohon shafi guda ya gyara shi da umarnin da ya rubuta da kansa.